Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana

Darasi domin ƙananan ƙungiyoyin Ikilisiya, Zumuntar Mata da matasa

Karatu: Farawa 2:8-15, Ezekiyel 34:17-19, Matiyu 25:31-40



Da ruwa aka yi mana baftisma, da ruwa mai tsarki kuma muke yin alamar gicciye sa'ad da muke shiga majami'a. Amma sau da yawa muna girmama ruwan da yake cikin ɗakin Allah, muna wulakanta wanda yake bayan ɗakin. Kowace damina akwai iyayen da suke binne 'ya'yansu saboda abin da suka sha daga randar gidansu. Shi ya sa a wannan darasi muke so mu dubi ruwan sha a matsayin amana wadda za a tambaye mu a kanta.

1. Abin da Maganar Allah ta koya mana

Littafin Farawa ya nuna mana Allah ya sa mutum cikin gona mai koguna, ya ɗora masa aiki biyu: ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mun riƙe aiki na farko da ƙarfi, na biyun ne muke yawan mantawa. Wanda aka ba ajiya ba mai kaya ba ne. Ƙasa da ruwa na Ubangiji ne, mu masu jira ne kawai.

A cikin Ezekiyel sura 34, Allah ya tuhumi tumaki masu ƙarfi da laifin da muka sani sarai: sun sha ruwa garau, sa'an nan suka dama sauran da ƙafafunsu, suka bar wa raunana laka. Allah bai ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Ya ce shi da kansa zai yi shari'a tsakanin tunkiya da tunkiya. Haka nan a Maimaitawar Shari'a sura 23, an umarci Isra'ilawa su keɓe wurin zagayawa a bayan zango, kowa kuma ya binne ƙazantarsa, domin Ubangiji yana tafiya a tsakiyarsu. Ashe batun masai ma yana cikin Littafi Mai Tsarki, an kuwa haɗa shi da tsarkin jama'ar Allah.

Ubangijinmu Yesu ya kai zancen ƙarshensa a Matiyu sura 25, inda ya ɗauki ƙishin matalauci a matsayin ƙishinsa. To, idan shayar da mai ƙishi shayar da Almasihu ne, mene ne sunan ɓata ruwan da mai ƙishin zai sha?

2. Abin da Ikilisiya ta faɗa

Wannan koyarwa ba sabuwa ba ce. A 1980, a Wagadugu, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya yi kira ga duniya saboda mutanen yankin Sahel da fari ya addaba, a 1984 kuma aka kafa gidauniya mai ɗauke da sunansa domin taimaka musu wajen samun ruwa da yaƙi da hamada. A saƙonsa na Ranar Zaman Lafiya ta Duniya, 1 ga Janairu 1990, ya koyar cewa lalata halitta matsala ce ta ɗabi'a da lamiri. Marigayi Paparoma Faransis, a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya bayyana samun tsabtataccen ruwan sha a matsayin haƙƙin kowane ɗan Adam, domin rai kansa ya rataya a kansa. Saboda haka wanda ya gurɓata rijiya da sakaci ya taɓa Doka ta Biyar, wadda ta hana kisa.

3. Darasin kurkunu

Dattawanmu ba su manta da kurkunu ba. Mutum yakan sha ruwan kududdufi mai ɗauke da ƙananan ƙwari waɗanda suka haɗiye 'ya'yan tsutsar. Bayan kimanin shekara guda sai tsutsa mai tsawon kusan mita ɗaya ta fasa fata, galibi a ƙafa. Saboda zafin raɗaɗi sai majiyyaci ya tsoma ƙafarsa cikin kududdufi don ya ji sanyi, nan take tsutsar ta zuba dubban 'ya'yanta cikin ruwan da gari zai sha. A Arewa cutar takan kwantar da mutane a tsakiyar damina, lokacin da gona ta fi bukatarsu.

Binciken da aka yi a 1988 zuwa 1989 ya sami mutane fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Cutar ba ta da allurar rigakafi, ba ta kuma da maganin sha. Duk da haka a 2008 aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu da ita a ƙasar nan, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Gwamnati da Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon sun yi aiki ƙwarai. Amma a ƙauye aka ci yaƙin: mata suka riƙa tace ruwa da ƙyalle kowace safiya, aka sa masu tsaron tafki, wanda tsutsa ta fito masa kuma ya yarda ya jure zafi ya nisanci ruwan jama'a, maƙwabci ya ɗebo masa. Wannan juriya domin kare wani, ita ce ƙaunar maƙwabci da muke karantawa a katakisim.

4. Yaƙin da ya rage

Kurkunu ya tafi, amai da gudawa bai tafi ba. A 2021 kaɗai an ba da rahoton mutane fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa. Hanyarta ɗaya ce: ƙazantar mutum ta sami shiga abin da wani zai ci ko ya sha. Ruwan sama yakan wanko abin da aka bari a fili ya kai rafi da rijiya marar baki. Leda da shara sukan toshe kwata, ambaliya ta cika masai ta tumbatsa cikin unguwa.

Haƙƙin gwamnati ne ta samar da ruwa, wajibi ne kuma mu riƙa tunatar da shugabanni cikin ladabi da naciya, ta hannun kwamitin Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sau nawa aka haƙa mana rijiyar burtsatse, muka yi bukin buɗewa da kiɗa da rawa, bayan shekara biyu famfo ya lalace a kan ƙaramin gyara, kowa ya koma rafi yana jiran Fada ya nemo taimako? A nan rijiya ta bayar, mu ne gugan da ya hana.

5. Abin da za mu yi

Na farko, kowace majami'a ta zaɓi kwamitin ruwa, da mata a cikinsa, gama su suka san halin da rijiya take ciki. A riƙa tara ɗan kuɗin gyara kowane wata, a karanta lissafinsa a gaban jama'a.

Na biyu, a gina wa rijiya baki da murfi, a ajiye mata guga ɗaya wanda ba ya taɓa ƙasa. Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, ya kuma kasance a gangare da ita. Majami'ar da ba ta da masai ta fara da kanta kafin ta yi wa wani wa'azi.

Na uku, a gida mu tafasa ruwan da ba mu amince da shi ba, gama ruwa yana iya yin garau alhali yana ɗauke da cuta. A rufe randa, a keɓe mata moɗa, a wanke hannu da sabulu bayan zagayawa da kafin cin abinci. Idan gudawa ta kama yaro, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a riƙa ba shi a kan hanyar zuwa asibiti.

Na huɗu, rijiyar majami'a ta zama ta kowa. Maƙwabcinmu Musulmi, da makiyayi mai wucewa, da baƙo, kada a tambayi addinin kowa a bakin rijiya. Yesu kansa ya roƙi ruwa daga hannun Basamariya, wadda mutanensa ba sa haɗa moɗa da nata.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Daga ina ruwan gidanmu yake fitowa, me kuma yake iya shiga cikinsa a hanya?
2. Su wane ne suke shan ruwan da muka dama da ƙafafunmu?
3. Wane gyara ɗaya za mu gama kafin damina ta faɗi, wa zai ɗauki nauyinsa?

Addu'a

Ya Allah Uba, Mahaliccin koguna da maɓuɓɓugai, ka gafarta mana sakacinmu. Ka ba mu zuciyar kiyaye abin da ka danƙa mana, domin kada wani yaro ya mutu saboda ruwan da muka ɓata. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.