Ƙara Ba Ƙarfi Ba Ce: Darasi Kan Ƙara Wa Injin Babur Ƙwari

 A wurin ajiye babura na kowace makarantar kimiyya da fasaha ba a rasa wanda ya fasa salansa, ya cire matatar iska, yana cewa mashin ɗinsa ya koma jirgi. To, kafin kai ma ka kai naka gareji, bari mu duba abin da ke faruwa a cikin injin.

Inji iska yake ci

Injin babur yana zuƙar iska ne, ya gauraya ta da fetur, fulogi ya kunna wuta, fashewar ta tura fistin. Domin man ya ƙone tas, kowane giram 1 na fetur yana buƙatar giram 14.7 na iska. In ƙarfi ake nema, akan ɗan ƙara mai har gaurin ya sauko wajen 13 da 1. Duk wani gyara na ƙara ƙarfi, a kan wannan lissafin yake tafiya.

Da ka buɗe salansa ko ka sa buɗaɗɗiyar matata, iska ta ƙaru, amma man yana nan yadda kamfani ya auna shi. Sai gaurin ya yi tsinkau. Irin wannan gauri yana sa inji zafi, kuma yawancin baburanmu iska ce kawai ke sanyaya su, babu lagireto. Ƙarshen abin shi ne ƙonewar bawul, wani lokacin ma fistin ya huje. Ka ga garin neman gira an rasa ido.

Kafireta ko injekta?

A nan mutane da yawa ke asarar kuɗi. Na'urar daidaita mai, irin Power Commander ta kamfanin Dynojet na Amurka, ana jona ta ne tsakanin ƙwaƙwalwar inji, wadda makanikai ke kira birenbos, da injekta. Aikinta shi ne ta ƙara ko ta rage lokacin da injekta ke buɗe yana fesa mai. Saboda haka sai a babur mai injekta take aiki. A Indiya, dokar hayaƙi ta BS6 da ta fara aiki a Afrilun 2020 ta sa yawancin sababbin babura sun koma injekta. Amma Boxer da Jincheng ɗin da suka cika titunanmu, akasarinsu kafireta gare su. Duk wanda ya ce zai saka maka irin wannan na'ura a mashin mai kafireta, kuɗinka kawai yake so.

Ko a mai injekta ma, na'urar ba sihiri ba ce. Sai an loda mata tsarin da ya dace da samfurin babur ɗin da kayan da aka sauya, kuma aiki mai kyau sai an ɗora mashin a kan na'urar gwajin ƙarfi.

Mai kafireta kuwa, gyaransa a jet yake, wato ɗan ƙarfen nan mai huda da mai ke bi. In iska ta ƙaru, sai a sa jet mai lamba ta gaba, mataki ɗaya-ɗaya, ana gwadawa. Fulogi ne zai ba ka labari. Bayan tafiya mai ɗan nisa, ka bari inji ya huce, ka kwance shi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa mai haske, komai daidai. Fari fat, mai ya yi kaɗan, akwai haɗari. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa, ana ƙona kuɗi a banza.

Kayan da ake sauyawa

Matatar iska: buɗaɗɗiyar matata tana da kyan gani, amma ka tuna ƙurar hunturu. Ƙurar da ta shiga silinda tana cin ringi kamar sanfefa, ba da jimawa ba mashin zai fara hayaƙi yana shan baƙin mai. A ƙasarmu, matatar kamfani mai tsabta ta fi.

Farantin sarƙa: wannan ba ya ƙara ƙarfi, rarraba shi yake yi. Misali, haƙora 14 a gaba da 42 a baya sun ba da 3 da 1. In ka mayar da na gaba 15, ya zama 2.8 da 1: inji zai rage wahala a doguwar hanya, amma tashi da hawan tudu da goyo za su yi nauyi.

Faɗaɗa silinda: yana ƙara ƙarfi da gaske, amma yana ƙara zafi da shan mai, kuma kuloci da sauran kayan ciki ba don wannan nauyin aka ƙera su ba.

Mu yi lissafi

Babur mai cc 100 ƙarfinsa wajen doki 8 ne. A ce ma gyara ya ba ka ƙarin kashi 10 cikin 100, bai kai doki ɗaya ba fa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowa ya san abin da lita take ci a aljihun ɗalibi. Sannan ga birki: daga gudun kilomita 60 zuwa 80, tazarar da birki ke buƙata kafin mashin ya tsaya tana kusan ninkawa. Wanda ya ƙara gudu bai duba birki da taya ba, ransa ya sa a caca.

Shawarata ita ce a fara da mai araha: wanke matata da kafireta, sabon fulogi, saitin bawul, juyen baƙin mai a kan lokaci, ɗaure sarƙa da shafa mata mai, da iskar taya daidai. Sau da yawa ƙarfin da ake nema a kasuwa, rashin sabis ne ya cinye shi. In bayan haka kana son ƙari, ka sauya abu ɗaya, ka daidaita mai, ka karanta fulogi, sannan ka matsa gaba. Kuma don Allah a sa hular kwano. Allah Ya kai mu ranar yaye lafiya.