Ɓaraguzan gini ba shara ba ne

A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. A watan Mayu na 2025 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Mokwa. Ko a ƙauyukanmu, da wuya damina ta wuce katanga ko ajin makaranta bai faɗi ba. Bayan haka abin da muka saba yi shi ne mu kwashe ɓaraguzan mu zubar a kwazazzabo, sa'an nan mu tara kuɗi mu sayo tifar yashi. Mun biya kuɗin zubarwa, mun kuma biya kuɗin saye. A wannan darasi za mu ga yadda fasassun bulo da tsohon kankare za su koma cikin kwaɓin siminti na ɗora bulo, da kuma inda bai kamata a sa su ba.

Ba sabuwar dabara ba ce

Iyayenmu ba sa zubar da ƙasar tsohon bango. Sukan farfasa ta, su jiƙa, su ƙara ciyawa, su sake yin tubali. Romawa na dā sukan daka jan bulo da fasassun tukwane su gauraya da farar ƙasar da aka toya daga dutse, kwaɓin kuwa yakan jure ruwa. Da irinsa aka ɗora babban ginin Hagiya Sofiya da ke Istanbul a ƙasar Turkiyya, wanda aka gama a shekara ta 537, yana nan tsaye har yau. Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, mata da yawa a biranen Jamus sun yi ta kankare tsohon kwaɓi daga jikin bulo don a sake gini da su. A Haiti ma, bayan girgizar ƙasa ta Janairu 2010, an niƙa ɓaraguzai an yi sabbin bulo.

Mu fara da tsincewa

Abin da za mu ajiye: fasassun bulon siminti, jan bulo, tsohon kankare da tsohon filasta na siminti. Bulon da bai fashe ba a kankare shi a ajiye gefe, domin ya fi daraja a yadda yake.

Abin da za mu ware:
• Ƙasar bango da laka. Suna hana siminti kama yashi. A mai da su ga ginin ƙasa.
• Katako, leda, tsumma da ciyawa. Suna ruɓewa ko su bar rami a cikin kwaɓi.
• Farin silin da ake kira POP. Idan ya haɗu da siminti da danshi yakan kumbura, ginin ya tsattsage.
• Ɓaraguzan masai, da kankaren da wuta ta ci sosai.
• Tsohon rufi ko silin na asbestos. Kada a fasa shi ko kaɗan. Ƙurarsa tana shiga huhu ta kawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa. A jiƙa shi, a rufe, a hana yara zuwa wurin.

Dakawa da tankaɗewa

A yayyafa wa tulin ruwa kafin a sa guduma, saboda ƙurar siminti da dutse tana lalata huhu. Masu aikin su rufe hanci da baki, su kare idanu, yara kuma su yi nisa. A tankaɗe da rariyar waya mai ido wajen milimita 5. Abin da ya wuce ta rariya shi ne zai shiga kwaɓi. Manyan da suka rage suna da amfani wajen cikon daɓe ko gyaran hanyar da ruwa ya ci.

Mu gwada tsabtarsa da kwalba. A zuba dakakken har tsawon santimita 10, a cika da ruwa, a sa gishiri kaɗan, a girgiza, a bar shi sa'o'i uku. Laka za ta kwanta a sama. Idan kaurinta ya kai santimita 1, sai an wanke dakakken ko a sake tankaɗe garin a fitar.

Yadda za a kwaɓa

Ga abu mafi muhimmanci: ɓaraguzai suna maye gurbin wani ɓangare na yashi ne kawai. Tsohon siminti ya riga ya sha ruwa ya kama, ba zai sake kamawa ba. Duk wanda ya rage sabon siminti da cewa akwai tsoho a ciki, yana gina bangon da zai faɗa wa 'ya'yansa.

Awon da aka saba na ɗora bulo shi ne siminti 1, yashi 6. Buhun siminti mai kilo 50 kusan kwanon lebura 2 ne, ke nan yana ɗaukar kwano 12 na yashi. Mu fara da kashi ɗaya cikin huɗu: kwano 9 na yashi mai kyau, kwano 3 na dakakken ɓaraguzai.

Dakakken bulo yana da ƙishirwa fiye da yashin rafi, saboda jikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi. Idan aka zuba shi a bushe, zai shanye ruwan da siminti ke bukata, kwaɓin ya yi tauri a hannun birkila, daga baya ya riƙa marmashewa. Saboda haka a jiƙa shi tun da yamma, a bari ya tsane kafin safiya. A kwaɓa daidai abin da za a yi aiki da shi cikin sa'a ɗaya. Bayan an ɗora, a riƙa ba bangon ruwa safe da yamma har kwana 7. Siminti yana ci gaba da ƙarfi har wajen kwana 28.

Gwaji kafin babban aiki

A ɗora ƙananan bango biyu, ɗaya da yashi zalla, ɗaya da gaurayen. Bayan mako biyu a karce kwaɓin kowanne da ƙusa, a kuma gwada raba bulon. Idan gaurayen yana zuba kamar gari, a rage ɓaraguzan a sake gwadawa.

Inda ba za a sa shi ba

Wannan kwaɓi ya dace da katanga, ɗakin ajiya, garken dabbobi da bangon gida marar bene. Ginshiƙi, linta, dakin da duk inda rodi ke ɗauke da nauyi suna bukatar yashi da tsakuwa masu kyau, sai dai idan injiniya ya gwada ya yarda. Kuɗin tifa ɗaya bai kai ran mutum ba.

Aikin gayya ne. Matasa su daka, zumuntar mata su tsince, dattawa su nemo magini mai gaskiya da zai sa ido kan awo. Kowane kwano da muka samu daga ɓaraguzai kwano ne da ba a haƙa daga bakin rafinmu ba, inda haƙar yashi ke zaizaye gonakin fadama.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ina muke zubar da ɓaraguzai a ƙauyenmu, wace illa hakan ke yi wa magudanar ruwa?
2. Akwai gine-gine masu rufin asbestos a wurinmu? Wa zai gargaɗi masu su?
3. Wace gwauruwa ko wane tsoho ne bangonsa ya faɗi, wanda za mu fara da gidansa kafin damina?