Gwajin Kai-sukwaya da Sakamakon Jarraba Magani

1.0 Gabatarwa

Idan aka jarraba magani biyu a kan rukuni biyu na majinyata, da wuya sakamakon ya zo daidai. Tambayar da manazarci zai amsa ita ce: shin bambancin daga maganin yake, ko kuwa dacewa ce kawai? Gwajin kai-sukwaya, wanda Karl Pearson ya fito da shi a 1900, hanya ce ta amsa wannan tambaya.

2.0 Misali daga Kano

A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya jarraba maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Asibitin Zana da ke Kano. Kusan rabinsu aka ba Trovan, sauran kuma ceftriaxone. Yara 5 suka rasu a rukunin farko, 6 a na biyu.

3.0 Yadda Ake Lissafi

A ɗauka kowane rukuni yara 100 ne. Da magungunan ƙarfinsu ɗaya, sai a yi tsammanin mace-macen nan 11 su rabu daidai: 5.5 su rasu, 94.5 su rayu a kowane ɓangare. A kowane gurbi sai a ɗebe adadin da aka yi tsammani daga wanda aka gani, a ninka sakamakon da kansa, a raba da adadin tsammani, sannan a tara guraben huɗu:

0.045 + 0.045 + 0.003 + 0.003 = 0.096

A irin wannan jadawali, sai jimilla ta wuce 3.84 kafin a ce bambancin yana da ma'ana a matakin kashi 5 cikin ɗari. A nan ko kusa ba ta kai ba.

4.0 Kammalawa

Rashin ganin bambanci ba hujja ba ce ta cewa magungunan ɗaya suke, domin yara 200 sun yi kaɗan a yanke irin wannan hukunci. Haka kuma lissafi ba ya amsa zargin da iyaye suka yi cewa ba a nemi yardarsu ba. Wannan takaddama sai a 2009 aka sasanta ta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75.

5.0 Jinga

Ɗalibi ya sake lissafin, a ɗauka kowane rukuni yara 1,000 ne, waɗanda suka rasu kuma 50 da 60. Shin hukuncin ya sauya?