Darasi: Ma'aikatan da ke Cikin Tumbin Sa

'Yan'uwa fataken shanu, kowa a cikinmu ya san halin rani. Mu sayi sa a Abalak ko Dakwaro, kafin mu kai shi Jibiya ko Maigatari tozo ya zube, ga shi kuwa kullum yana cin kara. Darasinmu na wannan karo zai bayyana dalilin haka da abin da ya kamata mu yi.

Da farko mu sani, ba sa ne ke narkar da ciyawa da kansa ba. A cikin tumbinsa akwai ƙwayoyin halitta da ake kira bakteriya, biliyoyi cikin cokali guda na ruwan tumbi. Su ne ke farfasa ciyawar, su fitar da abin da jikin sa ke sha ya yi ƙarfi da kitse.

Jikin karan dawa da na gero an gina shi ne da zaruruwan sukari masu tauri. Ɗaya daga cikinsu masana na kiransa zailan. A jikin wannan zare akwai 'yan ƙananan ƙulle-ƙulle da ake kira asetil, sun manne masa kamar yadda ƙarangiya ke manne wa riga. Muddin suna nan, sinadarin da ke yanka zaren ba ya samun wurin kamawa sosai. To, wasu bakteriyar tumbi, irin su Fibrobacter succinogenes da Butyrivibrio fibrisolvens, suna fitar da wani sinadari mai suna asetil zailan estaras. Aikinsa ke nan ya tsince ƙulle-ƙullen nan ɗaya bayan ɗaya, sannan masu yanka su shiga. A 1985 ne Peter Biely da abokan aikinsa suka fara bayyana irin wannan sinadari, a jikin funfuna, daga baya aka same shi a bakteriyar tumbi.

Ina amfanin wannan gare mu? Abu uku.

Na ɗaya, ma'aikatan nan ba sa son tsami. Idan muka sauke sa daga mota muka cika masa kwano da dusa ko tsaba don ya yi saurin cika ido, tumbi zai yi tsami, masu narkar da kara su raunana. Sai mu ga zawo da kumburin ciki, wani lokaci har asara. A riƙa ƙara dusa kaɗan-kaɗan har mako 2, kuma kada a yanke masa ciyawa.

Na biyu, busasshen kara ba shi da sinadarin gina jiki da bakteriya ke bukata don su hayayyafa. 'Yar harawa ko angurya a kan kara tana sa su yawaita, karan ya narku da sauri, sa ya ƙara ci.

Na uku, muna iya rage musu aiki tun daga waje. A narkar da kilo 4 na takin yuriya cikin ruwa lita 50 zuwa 100, a yayyafa wa kilo 100 na saran kara, a tattake, a rufe da leda yadda iska ba za ta shiga ba, har mako 3. Yuriya za ta koma amoniya, wadda ke kwance irin ƙulle-ƙullen nan, ta tausasa karan. In an buɗe, a baza abin da za a bayar ya sha iska tukuna.

Amma fa hattara. Yuriya tsurarta guba ce: sa ya lashi garin ko ya sha ruwan, yana iya faɗuwa nan take. Kada a ba 'yan maruƙa masu shan nono, ko doki, ko jaki. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi malamin dabbobi na yankinsa su yi na farko tare.

Kafin mu ɗora kuɗi a kan buhunan dusa bana, mu tanadi harawa tun da kaka, lokacin da take da araha. Da ita da haƙurin mako 2, san da muka saya zai isa kara da tozonsa.