Wayar Manomi da Makullin Ɗakin Hatsi

Tun daga shekarar 2012, lokacin da gwamnatin tarayya ta fara aiko wa manoma saƙon takin zamani mai rangwame ta wayar hannu, har zuwa farkon 2023, da sauyin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, aka koma cinikin gero da wake ta taransifa, waya ta zauna daram cikin sha'anin noma a ƙasar Gaya da Ajingi. Fa'idarta ba abin musu ba ce, domin manomin Gafasa da ya ji farashin riɗi a kasuwar Dawanau kafin ya ɗaure bakin buhu, da wuya dillali ya yi masa sakiyar da ba ruwa.

Amma musibar da ta fi tayar da hankali ita ce damfara. Misalin wanda ya faɗi lambar sirrin asusunsa kamar mutum ne da ya yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noman fari da maimai cikin zafin rana, ya girbe, ya sussuke, ya kimsa a ɗaki, sa'an nan wani da bai taɓa gani ba ya yi sallama daga bayan danga, ya ce a miƙo makulli zai gyara ƙofa, shi kuwa ya miƙa har da godiya. Ku sani, jama'a, banki ba ya kiran kowa ya nemi lambar sirri, saƙon alat kuma yana iya zama na bogi, saboda haka kada buhu ya hau mota sai ka duba asusunka ka ga kuɗi sun shiga. A wurin mai POS ma, danna lambar da hannunka.

Dattijon da ke cewa shi ba ɗan boko ba ne, alhali yana fitar da zakkar hatsinsa ba kuskuren mudu ɗaya, ba shi da uzurin ƙin koyon waɗannan. Dukiya amana ce, tozarta ta kuwa shari'a ta hana, kuma sakaci ba tawakkali ba ne.

Sauran amfanin waya, wato sauraren hasashen damina na NiMet kafin shuka, da aika hoton ganyen da tsutsa ta ci ga malamin gona na KNARDA, yaran gida sa koya muku da dare ɗaya.