Yadda Ake Samo Tsohuwar Amfilifayar Jita Mai Araha, a Kuma Ji Daɗinta

Mai koyon jitar lantarki ba ya bukatar ƙatuwar amfilifaya. Ƙarama mai wat 5 zuwa 15 ta wadatar a ɗaki, kuma tsofaffin da aka ƙera da ƙwari suna nan a kasuwar gwanjo.

Na farko, san abin da kake nema. Iri biyu ne: masu bawul na gilashi da masu taransisto. Masu bawul, irin su Fender Champ mai wat 5 wadda Eric Clapton ya ɗauki faifan Layla da ita a 1970, sun yi tsada yanzu. Mai kuɗi kaɗan ya nemi masu taransisto na shekarun 1980: Marshall Lead 12 ta Ingila, ko ƙananan Peavey da aka ƙera a Misisifi ta Amurka.

Na biyu, tafi da jitarka da wayarta. Kada ka biya sai ka ji da kunnenka. Murɗa kowane maɓalli a hankali. Ƙaraf-ƙaraf yawanci ƙura ce, fesa maganin wanke maɓalli zai kawar da ita. Amma ƙugin da ba ya raguwa ko an rage murya alama ce kafasito sun tsufa, sai a rage maka kuɗi. Leƙa takardar sifika, kada ta kasance a yage. In ka ji ƙauri, haƙura da ita.

Na uku, karanta rubutun bayan amfilifayar kafin ka jona. Kayan Amurka na wuta mai volt 120 ne, tamu kuwa 220 zuwa 230. Ba tare da taransifomar rage wuta ba, nan take amfilifayar za ta iya ƙonewa.

Na huɗu, kai wa mai gyaran rediyo ya duba fis, ya sa mata waya mai ƙafa uku. Kada ka sa hannu cikin mai bawul, tana riƙe wuta mai kisa ko an kashe ta.

Na biyar, kaɗa. Ɗaga amfilifayar daga ƙasa, sifika ta fuskanci kunnenka. Sa maɓallan sauti a tsakiya, ka ƙara murya sannu a hankali har sautin ya fara kaushi, sannan ka sassauta daga maɓallin jikin jitar. Taɓa tsirkiya a hankali, sauti ya fito garau. Buga da ƙarfi, ya yi gurnani. Ƙaramar amfilifaya ba ta rufa wa yatsa asiri, shi ya sa mai koyo da ita ke saurin gyara hannunsa.