Ra'in Ƙwayar Zarra a Falsafar Girkawan Dauri

1.0 Gabatarwa

A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), masana falsafa na ƙasar Girka sun yi muhawara a kan wata tambaya: idan aka yi ta gutsuttsura abu, shin akwai inda za a tsaya? Lusifas da almajirinsa Dimokiritas, mutumin garin Abdera, sun ce akwai.

2.0 Bayanin Ra'in

A ganinsu, komai ya samu ne daga abu biyu: sararin da babu komai a cikinsa, da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Sun kira ƙwayar "atomos", wato abin da ba ya yankuwa. Ƙwayoyin ba sa lalacewa; haɗuwarsu da rabuwarsu ke haifar da sauyi. Abubuwa kuwa sun bambanta ne saboda siffar ƙwayoyinsu da jerinsu da yadda suka zauna. Da Aristotil yake bayyana wannan ra'i, ya buga misali da haruffa. Haka abin yake a Hausa: haruffa huɗun da suka ba da "gari" su ne suka ba da "riga", jeri kawai ya sauya.

3.0 Makomar Ra'in

Shi kansa Aristotil bai amince da ra'in ba, domin ya musanta samuwar sarari maras komai, kuma ra'ayinsa ya yi rinjaye na ƙarnuka. Hankali kaɗai Dimokiritas ya dogara da shi, ba gwaji ba. Sai a 1808 John Dalton ya wallafa ra'in bisa hujjojin kimiyya. A 1897 kuma J.J. Thomson ya gano ilektiron, aka tabbatar cewa ƙwayar zarra ma tana da sassa.

Jinga

Kawo kalmomin Hausa biyu masu haruffa ɗaya amma jeri daban, sannan ka danganta su da ra'in Dimokiritas.